Yadda Aka Gano Asalin Kuturta

Jama'ar Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, ku saurara. Iyayenmu sun ce kuturta gado ce. Likitocin Turai ma da haka suka zata, har da Dokta Danielssen na Bergen, ƙasar Norwe. Amma a 1873 mijin 'yarsa, Dokta Hansen, ya duba tsokar kutare da madubin likita, ya ga ƙwayoyin cuta kamar 'yan sanduna.

Daga baya aka gane ta hanci da baki suke fita, kuma sai an daɗe tare da wanda bai sha magani ba ake ɗauka.

To, kada ku ɓoye yaro don gudun zunɗen dangi. In kun ga tabo a jikinsa wanda ba ya jin taɓi, ku kawo shi disfensare. Kuturta tana warkewa, maganin kuwa kyauta ne.