Ƙananan Gem Na "Indi" A Na'urar Hannu: Daɗinsu, Illarsu Da Abin Dubawa Kafin Ka Biya

Yawancinmu idan aka ce gem, abin da ke faɗo mana a rai shi ne ƙwallo a gidan gem, ko Mortal Kombat, ko GTA. Waɗannan manyan kamfanoni ne ke yin su, da ɗaruruwan ma'aikata da miliyoyin daloli. Amma akwai wani nau'i da ake ce wa "indi", kuma duk wanda ya riƙe Nintendo Switch ko Steam Deck zai tarar su ne suka cika kantin. Suna da araha, sun kuma dace da na'urar hannu ƙwarai, sai dai akasarinsu idan ka saya ka saya ke nan, babu mayarwa, babu sayarwa. Don haka gara mutum ya san kansu tun kafin kuɗinsa ya fita.

Mene ne gem na indi?

Kalmar daga Turanci take, ma'anarta mai zaman kansa. Gem ne da mutum ɗaya ko 'yan mutane kaɗan suka haɗa da kansu, ba tare da wani babban kamfani ya tsaya a kansu yana faɗa musu abin da za su yi ba.

Misalin da aka fi sani shi ne Stardew Valley. Wani Ba'amurke mai suna Eric Barone ya yi shekara huɗu da rabi yana haɗa shi shi kaɗai, zane da sauti da labari duk nasa. Ya fito a kwamfuta a 2016, ya shigo Switch a 2017, kuma zuwa ƙarshen 2024 an sayar da sama da kwafi miliyan 41. Gem ne na noma da kiwo: ka gaji gonar kakanka, ka yi shuka, ka gina garke, ka sayi shanu da awaki da kaji, ka tatsi nono ka sayar. Saniyar da ba ka ba ta ciyawa ba, washegari ba za ta ba ka nono ba. Wanda ya taso a gidan kiwo zai yi dariya, don abin ya fi na gaske sauƙi nesa ba kusa ba, amma lissafin riba da faɗuwa yana nan.

Akwai kuma Hollow Knight, na wata 'yar ƙungiya mai suna Team Cherry a garin Adeled na Ostareliya, wanda ya fito a 2017. Akwai Undertale na Toby Fox a 2015, da Celeste a 2018, da Hades a 2020.

Na'urorin da ake buga su

Nintendo Switch ta fito a watan Maris na 2017, allonta inci 6.2, ana riƙe ta a hannu ana kuma jona ta da talabijin. A 2019 aka fito da Switch Lite, ƙarama mai allo inci 5.5, ita hannu kawai, ba ta hawa talabijin. A 2021 aka kawo mai allon OLED, sai Switch 2 a watan Yuni na 2025. Steam Deck kuwa ta kamfanin Valve ce, ta fito a 2022, allonta inci 7. Ita kusan kwamfuta ce da aka matse ta zama ta hannu, tana buga gem na kantin Steam. Ta fi Switch ta farko ƙarfi, ta kuma fi ta nauyi da tsada.

Abin da ke jan mutane gare su

Na farko farashi. Babban gem sabo dala 60 ne zuwa 70. Stardew Valley da Hollow Knight kowanne dala 15 ne, Vampire Survivors kuwa dala 5. Idan ka lissafa dala a kan naira 1,500, gem na dala 70 ya kama naira 105,000, na dala 15 kuma 22,500. Ka ga akwai tazara.

Na biyu, ba su da nauyi. Switch ta farko da Lite giga 32 kawai ke cikinsu, kuma babban gem irin Zelda: Tears of the Kingdom shi kaɗai zai cinye kusan rabi. Gem na indi da yawa ba su wuce giga ɗaya ko biyu ba. Ga mai sayen data da kuɗinsa, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Na uku batir. Nintendo ta ce Switch Lite tana ɗaukar awa 3 zuwa 7, gwargwadon gem ɗin da ake bugawa. Manyan gem ne ke zuƙe caji da wuri, ƙanana masu zane mai sauƙi su ne ke kai ka kusa da awa bakwai ɗin. A unguwar da NEPA ke ɗauke wuta ba sallama, ko a doguwar tafiya daga Arewa zuwa Legas, wannan ne ke raba na'ura mai amfani da kayan ado. Ƙari a kan haka, akasarinsu ba sa buƙatar intanet bayan ka sauke su.

Na huɗu, sun dace da mai ɗan lokaci kaɗan. Ka danna maɓalli na'urar ta yi barci, in ka dawo ka ci gaba daga inda ka tsaya. Rana ɗaya a Stardew Valley ba ta kai minti 20 ba, zagaye ɗaya a Vampire Survivors kusan minti 30 ne. Mai jiran ciniki a Kara ko Akinyele, ko mai zaman shago a Sabo, zai iya bugawa ya ajiye da zarar mai saye ya iso.

Na biyar, kuma a ganina shi ne babba, sabon tunani. Kamfanin da ya zuba miliyoyi tsoron asara yake, shi ya sa ƙwallon bana da ta bara kusan ɗaya ne. Mai ƙaramin jari ba shi da wannan tsoron. A Undertale kana iya gama gem ɗin kaf ba ka kashe kowa ba. A Papers, Please na Lucas Pope, wanda ake samu a Steam, kai jami'in shige da fice ne a bakin iyaka, kana duba fasfo kana buga hatimi, ga iyali a gida suna jiran albashinka. A Untitled Goose Game kai dinya ce, wato babbar agwagwa, aikinka kawai addabar mutanen ƙauye. Overcooked kuma girki ne na haɗin gwiwa, ka cire hannayen Switch biyu ka miƙa wa ƙaninka ɗaya, nan da nan gida ya cika da ihu.

Inda matsala take

Shara ta yi yawa. A 2024 kaɗai an saki sama da gem 18,000 a Steam, kuma kantin Nintendo ma ya cika maƙil. Waɗanda na lissafa a sama zaɓaɓɓu ne, a bayansu akwai dubbai da aka haɗa a gurguje. Wasu kwaikwayo ne na manyan gem, hoto mai kyau a waje, ciki babu komai. A 2023 an cire wani mai suna The Last Hope daga kantin Nintendo saboda ya kwaikwayi The Last of Us na Sony. Wata dabarar kuma ita ce a sa farashi sama, sannan a rubuta ragin kashi 90 cikin 100 don gem ɗin ya hau jerin masu rangwame. Duk ɗan kasuwa ya san wannan salon.

Wasu gajeru ne. A Short Hike gem ne mai kyau, amma cikin awa biyu za ka iya gama shi. Untitled Goose Game ma bai wuce 'yan awanni ba. Wanda ya saba buga ƙwallo shekara guda da kaset ɗaya zai ji kamar an cuce shi.

Ba a sayar da su. Wannan ita ce illar da ta fi shafar mu. Babban gem na kati, in ka gaji da shi, ka kai Kwamfuta Bilej a Ikeja ko Alaba ka sayar ko ka yi musanya. Gem na indi akasari saukewa ake yi, yana maƙale da asusunka, ba ka da abin riƙewa a hannu. Kantin Nintendo a ƙa'idarsa ba ya mayar da kuɗi don kawai gem bai yi maka ba. Steam ya fi sauƙi, yana mayarwa idan ba ka wuce kwana 14 da saye ba kuma ba ka buga awa biyu ba.

Biya daga Najeriya wani aiki ne. Farashin da kuɗin waje ne, kuma tun da aka saki naira a watan Yuni na 2023, dala ta tashi daga wajen 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a 2024. Gem na dala 15 da a da bai kai naira 7,000 ba ya ninka sau uku. Masu Switch da yawa suna buɗe asusu da sunan Amurka ko Afirka ta Kudu, su sayi katin kuɗi na kantin a hannun dillalai. A nan ake samun cuta, domin katin wata ƙasa ba ya aiki a asusun wata, kuma akwai masu sayar da lambar da an riga an yi amfani da ita.

Rubutu da harshe. Yawancinsu don kwamfuta aka fara yin su, to idan aka dawo da su allo inci 5.5 rubutun kan zama ƙanana kamar tururuwa. Kuma Turanci ne, babu Hausa. Gem mai dogon labari irin Undertale, in Turancinka bai yi ƙarfi ba, rabin daɗin ya wuce ka.

Jinkiri. Ƙungiya ƙarama ba ta da hannaye da yawa. Babban gyaran Stardew Valley mai lamba 1.6 ya fito a kwamfuta a Maris na 2024, masu Switch sai Nuwamba suka same shi. Silksong, ci gaban Hollow Knight, an sanar da shi a 2019, bai fito ba sai Satumba na 2025.

Wahala da abin da ke ciki. Zane irin na yara ba ya nufin gem na yara ne. Hollow Knight da Celeste suna da wuya sosai, ko da yake Celeste yana da wurin sauƙaƙawa. Balatro, wanda ya yi tashe a 2024, a kan karta aka gina shi. Ba a sa kuɗin gaske, amma iyaye su sani. Nintendo tana da manhajar waya kyauta da ake iyakance wa yaro lokaci da irin gem da ita.

Na Afirka fa?

Akwai su. Semblance na Nyamakop daga Afirka ta Kudu ya fito a Switch a 2018, haka Broforce na Free Lives daga Kef Tawun. A Kamaru, Kiro'o Games ta Olivier Madiba ta saki Aurion a kwamfuta a 2016. A Legas akwai Maliyo Games, sai dai su sun fi mayar da hankali kan gem na waya.

Kafin ka biya

Ka kalli bidiyon mutum yana buga gem ɗin a YouTube, kar ka dogara da talla. Ka duba ko akwai na gwaji kyauta. Shafin HowLongToBeat zai nuna maka tsawonsa, Deku Deals kuma zai nuna maka tarihin farashinsa a Switch, ka gane ragin gaske da na bogi. Mai Steam Deck ya nemi koriyar alamar da ke nuna an gwada gem ɗin a kan na'urar. Ka tabbatar ƙasar kati da ta asusunka ɗaya ce. In ba gaggawa kake ba, ka jira rangwame, don waɗannan gem suna yawan sauka.

Idan kuma na'urar ma ba ka saya ba tukuna, Stardew Valley da Vampire Survivors duk suna nan a waya. Ka fara gwadawa a can, in sun shiga ranka sai ka yi maganar Switch.