Buguwar Kai a Ƙasar Gumel: Daga Doki Zuwa Babur

A zamanin da mahayan Gumel ke karawa da Haɗejia da Damagaram, barde ba ya shiga fagen daga sai da kwalkwali a kansa, dokinsa kuma da lifidi. Mutanen da sun san sara a ka ya fi sukar mashi a cinya muni. Sai dai wannan hatsari na mayaƙa ne. Talakan da ke tafe a ƙasa ko a kan jaki, iyakarsa tsautsayin faɗowa daga itace ko tunkuyin sa.

Babur ne ya raba wa kowa hatsarin. Bayan matsin tattalin arzikin da ya biyo shirin gwamnatin Babangida na 1986, motocin haya suka yi ƙaranci, acaɓa ya zama sana'a. Daga baya Jincheng ɗan Sin ya shigo da araha, Bajaj ɗan Indiya ya biyo shi. Duk wanda ya tsaya bakin hanya ranar Alhamis, ranar kasuwar Maigatari, zai ga yadda abin ya zama: mutum uku a kan babur ɗaya, ga akuya a ɗaure, an ratso yashi daga ƙauyukan Sule Tankarkar da Gagarawa, kowa da hularsa ta zanna ko ba komai.

Hukuma ta taɓa yunƙurawa. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta fara tilasta sa hular kwano ranar 1 ga Janairun 2009. A Kano wasu 'yan acaɓa suka kifa ƙwarya a ka, labarin ya zaga duniya ana dariya. Fasinjoji kuwa suka ƙi hular, wasu don gudun cutar fatar kai, wasu don jita-jitar cewa ana saka asiri a ciki. Dokar ta yi tashenta ta kwanta. Kano ta hana goyo a babur cikin birni a 2013, bayan harin da aka kai wa Sarki Ado Bayero, amma dalilin tsaro ne, kuma a karkara ba abin da zai maye gurbin babur.

Ta fuskar asibiti an samu ci gaba na gaske. A 1962 Dakta Latunde Odeku ya dawo daga Amurka ya buɗe sashen tiyatar ƙwaƙwalwa na farko a Najeriya, a Ibadan. A Arewa, Farfesa Bello Bala Shehu ya jagoranci kafa cibiyar wannan aiki a Asibitin Koyarwa na Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato. Yau mutumin Gumel da jini ya taru masa a ka, galibi Asibitin Malam Aminu Kano ake nufa da shi. Ma'aunin da ake auna zurfin sumarsa da shi, daga maki 3 zuwa 15, likitoci biyu ne a Gilasgo suka fito da shi a 1974. A 2019 kuma wani babban gwaji mai suna CRASH-3, da ya haɗa majinyata sama da 12,000 har da na Najeriya, ya nuna cewa wata allurar tsayar da jini mai araha tana rage mutuwa ga wanda buguwarsa ba ta kai matuƙa ba, in an yi ta cikin awa uku. Awa uku! A lissafa neman mota da magariba, da haɗa kuɗin mai, da tsayawa a Gumel a karɓi takardar turawa Kano.

Inda aka bar mutane a baya shi ne bayan sallama. Rauni ya warke, 'yan barka sun watse, amma wanda ya dawo gida ba shi ne ya fita ba. Mai haƙuri ya koma mai faɗa, ɗan kasuwa ya kasa lissafin canji, wani farfaɗiya ta kama shi bayan watanni. Sai a ce "iska ce", a shiga neman ruƙiyya da hayaƙi, ko a ce ya lalace da gangan. Nauyin yakan faɗa kan matarsa ko mahaifiyarsa. Karaya tana da maɗori a kowace unguwa. Mantuwa ba ta da shi.

Alhali ilimin abin ya daɗe. Kurt Goldstein a Jamus lokacin yaƙin duniya na ɗaya, da Alexander Luria a Rasha lokacin na biyu, sun yi aiki kan sojojin da harsashi ya taɓa wa ƙwaƙwalwa, suka nuna ana iya sake koya wa mutum magana da karatu da tsara al'amuransa, sannu a hankali. Najeriya ta kafa hukumar masu aikin farfaɗo da majinyata tun 1988, amma abin da ya yaɗu shi ne gashi na hannu da ƙafa. Masu koyar da magana da sana'a ƙalilan ne, kuma a manyan birane suke.

Jigawa ta riga jihohi da dama tunawa da naƙasassu. Gwamna Sule Lamido ya fara ba su alawus na naira 7,000 a wata a 2007. Shugaba Buhari ya sa hannu kan dokar hana nuna musu bambanci a Janairun 2019, a Mayun 2023 kuma babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya nemi ƙasashe su shigar da aikin farfaɗowa cikin tsarin kiwon lafiya tun daga matakin farko. Matsalar ita ce ƙungiyoyin da ke magana da gwamnati na makafi ne da kurame da guragu da kutare, kowacce da sarkinta da shugabanninta. Wanda babur ya kayar, yana tafiya da ƙafarsa, yana amsa gaisuwa daidai, ba ya cikin ko ɗaya, kuma ranar tantancewa mai rubuta suna zai dube shi ya ce lafiyarsa ƙalau.