Peugeot 504: Motar da ake auna ƙarkon motoci da ita a Najeriya

A duk lokacin da masu motoci a Najeriya ke mahawara kan wace mota ce ta fi ƙarko, da wuya a tashi ba a ambaci Peugeot 504 ba, wadda jama'a suka fi sani da Fijo.

Kamfanin Peugeot na ƙasar Faransa ne ya fito da motar a shekarar 1968, kuma a 1969 aka zaɓe ta a matsayin motar shekara a Turai. Amma a nahiyar Afirka ne ta yi sunan da ya daɗe, musamman bayan da ta lashe tseren Safari na ƙasar Kenya a 1975.

A wannan shekarar ce kuma kamfanin PAN ya fara harhaɗa motocin Peugeot a unguwar Kakuri da ke Kaduna. Gwamnati ta mai da 504 motar jami'anta, direbobin haya kuma suka rungumi doguwar samfurinta wajen jigilar fasinja tsakanin birane.

Dalilin ƙarkonta

An ƙera ƙafafun motar yadda za su jure ramuka da hanyar burji, cikinta kuma yana da tazara daga ƙasa. Injinta mai kafireta ne, babu na'urori masu sarƙaƙiya a jikinsa.

Sai dai abin da direbobi ke kira ƙarko ya wuce ƙarfin ƙarfe. Fijo ma tana lalacewa kamar kowace mota: lagireto yakan yi zafi, kuloci yakan ƙone. Bambancin shi ne, ko a ƙauye ta tsaya, za a samu bakaniken da ya san ta ciki da bai, kayan gyaranta kuma suna nan a kasuwanni irin su Panteka a Kaduna da Ƙofar Ruwa a Kano. Motar da za a gyara kafin la'asar a ci gaba da tafiya, ita ce mai ƙarko a wurin direba.

An daina ƙera ƙaramar 504 a Faransa a 1983, amma aka ci gaba da harhaɗa ta a Kaduna har fiye da shekaru ashirin bayan haka.

Zuwan 'yan Beljiyam

Shirin tsuke bakin aljihu da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta ɓullo da shi a 1986 ya karya darajar naira, sabuwar mota ta fi ƙarfin matsakaicin ma'aikaci. Daga nan kasuwa ta koma ga motocin da aka yi amfani da su a Turai da Amurka, waɗanda ake kira tokumbo ko 'yan Beljiyam. Da yawansu ta tashar jiragen ruwa ta Kwatano suka riƙa shigowa, har zuwa watan Janairun 2017 da gwamnati ta hana shigo da motoci ta kan iyakokin ƙasa.

Motocin Japan ne suka ci gajiyar wannan sauyi. Masu Toyota kan kafa hujja da ƙarancin shan mai da kuma saurin samun mai saye idan an tashi sayarwa. Masu Honda kan yabi daɗin tuƙi, ko da yake abokan hamayyarsu na sukar ƙafafunta na gaba a kan hanya mara kyau. Masu Mercedes kuwa kan ce motarsu ba ta da laifi, kanikawa ne ba su iya ta ba, kuma akwai ƙamshin gaskiya a wannan magana.

Motocin zamani suna aiki ne da kwamfuta, sai an jona na'ura kafin a gano matsalarsu. Bakaniken da ya saba gane ciwon inji da kunne yakan koma canza kaya ɗaya bayan ɗaya bisa hasashe, mai mota yana biya. Ga kuma jabun kayan gyara da gurɓataccen baƙin mai, waɗanda kan kashe inji a ɗora wa mota laifi.

Tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, tambayar farko da masu saye da dama ke yi wa dillali ita ce yawan man da mota ke sha. A wannan fanni kam, tsohuwar Fijo ba ta iya gogayya da ƙananan motocin Japan.