Yadda Birnin Shikago Ya Jinginar Da Bakin Titunansa

Mai karatu zai iya cewa, ina ruwan mai gida da inda wani ya ajiye motarsa a tsakiyar gari? To, a Amurka da ruwansa, domin a can birane na rayuwa ne a kan harajin gidaje da filaye, kuma duk kuɗin da ya kuɓuce wa hukumar birni ta wata ƙofa, a ƙarshe kan mai gida ake komawa.

Asalin abin ya faro ne a 1935, lokacin da aka kafa na'urar farko ta karɓar kuɗin fakin a birnin Oklahoma, wadda wani ɗan jarida, Carl Magee, ya ƙirƙiro. Nufinsa shi ne a hana ma'aikata mamaye ƙofar shaguna tun safe har yamma, masu sayayya su rasa wurin tsayawa. Sannu a hankali na'urar ta zama hanyar samun kuɗin shiga ga birane.

A Disambar 2008, ana tsakiyar karayar tattalin arzikin duniya, Magajin Garin Shikago, Richard M. Daley, ya ga asusun birni ya yi rami. Sai ya bayar da hayar wuraren fakin kimanin 36,000 ga wani gungun masu zuba jari ƙarƙashin bankin Morgan Stanley, na tsawon shekara 75, a kan kusan dala biliyan 1.15 lakadan. 'Yan majalisar birni suka amince cikin 'yan kwanaki, 40 suka yarda, 5 suka ƙi.

Ba a je ko'ina ba aka fara da-na-sani. A 2009 babban mai binciken birnin, David Hoffman, ya fitar da rahoto cewa an karyar da kadarar, domin abin da aka karɓa ya gaza darajarta da kusan dala biliyan 1. Kuɗin fakin na awa guda a tsakiyar gari ya tashi daga dala 3 zuwa dala 6.50 a 2013. Su kuwa kuɗin da aka karɓa, mafi yawansu sun tafi wajen cike giɓin kasafi cikin 'yan shekaru kaɗan.

Babban tashin hankalin yana cikin sharuɗɗan. Idan birni ya rufe titi don gyara ko biki, ko ya cire wurin fakin don yin hanyar bas ko ta keke, dole ya biya kamfanin diyyar abin da ya rasa, daga aljihun jama'a. Wato dai an sayar da akuya, ta dawo tana cin danga.

A 2015 magajin Daley, Rahm Emanuel, ya ƙara harajin gidaje da dala miliyan 588, akasari don biyan fanshon 'yan sanda da 'yan kwana-kwana. Ba cinikin fakin ne ya haifar da bashin fanshon ba, amma ya toshe wata ƙofar samun kuɗi da za ta iya rage wa masu gidaje nauyi.

Yarjejeniyar tana nan daram, da sauran fiye da shekara 50 kafin ta ƙare. Yaron da aka haifa ranar da aka sa hannu zai kai shekara 75 kafin birninsa ya sake mallakar kuɗin bakin titinsa. Allah Ya raba mu da cinikin gaggawa.