Al'adar Ajiya a Agyaragu, Daga Rumbu Zuwa Intanet

Tun kafin layin dogo na gabas ya ratsa ƙasar Lafiya, kafin kuma a buɗe gadar Makurɗi a 1932, manoman Agyaragu, wato ƙabilun Migili da Eggon da maƙwabtansu, sun san cewa kowane amfanin gona da irin ajiyarsa: dawa takan shekara a rumbu ba ta sauya ba, amma doya, wadda ita ce ta ɗaukaka sunan kasuwar garin, sai an jera ta a inuwa mai iska ana dubawa, domin cikin 'yan watanni takan tsiro ko ta ruɓe.

Da hanya ta buɗe, fatake suka yawaita, sai baƙon da ya sayi kaya bai sami abin ɗauka ba ya riƙa barinsu a hannun fatomansa ko dillalinsa, bisa la'ada da amana. Malaman fiƙihu na mazhabar Malikiyya sun riga sun shimfiɗa hukuncin wannan mu'amala a babin wadi'a, inda suka tabbatar cewa wanda aka ba ajiya ba ya ramuwa idan ta halaka, sai fa in ya yi sakaci ko ya ƙetare haddi. Saboda haka mai hankali yakan binciki halin mutum da ingancin ɗakinsa kafin ya miƙa dukiyarsa.

A zamaninmu kuwa, tun da kamfanin Amazon ya fito da ma'ajiyarsa ta intanet mai suna S3 a 2006, Google da Microsoft suka biyo baya, abin ajiyar ya zama takardu da hotuna da lissafin ciniki, waɗanda ake tarawa a kwamfutocin wasu ƙasashe, ana biyan haya wata-wata gwargwadon yawansu, a kuma sake biya idan an zo ɗebe su da yawa. Wajibi ne ɗan kasuwa ya auna da ma'aunin magabata: abin da ake adanawa shekaru ba a taɓawa ya dace da wannan ma'ajiya, alhali littafin da ake gyarawa kullum, a garin da lantarki da intanet ke yankewa, ya fi kyau kwafinsa ya zauna a hannu. Kuma lalle ya karanta sharuɗɗan yarjejeniya, ya san wa ke da alhaki ranar hasara, ya kuma tuna cewa hayar galibi da dala ake lissafa ta, cinikinsa kuwa da naira.