Wa ya tsaya maka? Hatiman Babila da surorin da ke jikinsu

A Dayi da sauran garuruwan noma na yankin Malumfashi da Funtua, cinikin gona ba ya ƙarewa da faɗin "Allah ya sa albarka". Bayan an zaga iyaka, an nuna wa mai saye kowace bishiya da kowane dutse da ke raba shi da maƙwabta, sai a zauna a rubuta takarda. Mai sayarwa ya sa hannu, wanda bai iya rubutu ba ya dangwala babban yatsa, shaidu su biyo baya, sa'annan a kai wa mai unguwa da dagaci su buga hatimi. Hatimin nan ɗan guntun roba ne da aka yanka a kasuwa, kuɗinsa bai kama ƙafar na buhun masara ba. Amma ranar da magada suka tashi da rigima, bayan masu cinikin duk sun riga mu gidan gaskiya, shi za a ɗaga a duba a gaban alƙali. Abin da ake nema a jikin tawadar amsar tambaya ɗaya ce: wa ya tsaya wa wannan magana?

Tambayar ta girmi takarda da tawada. Mutanen da suka zauna tsakanin kogunan Dijla da Furatu, a ƙasar da ake kira Iraƙi a yau, sun amsa ta da ɗan dutse. Wajen shekara ta 3500 kafin Miladiyya, a birnin Uruk da kuma Susa ta kudu maso yammacin Iran, aka fara sassaƙa wani irin hatimi mai siffar gaɓar kara, tsawonsa galibi bai wuce santimita biyu zuwa huɗu ba, an huda shi daga kai zuwa gindi kamar dutsen wuya. Ba buga shi ake yi ba, mirgina shi ake yi a kan ɗanyen yumɓu, sai zanen da aka ƙwaƙule a jikinsa ya fito tudu-tudu, yana maimaita kansa gwargwadon tsawon mirginawar. Dole masassaƙin ya yi aikinsa a juye, dama ta koma hagu, a fili da bai fi faɗin yatsa biyu ba. An yi kusan shekara 3,000 ana amfani da irin wannan hatimi, kuma Babila, wadda kangonta ke kusa da garin Hilla, kimanin kilomita 85 kudu da Bagadaza, ta gaje shi daga Sumeriyawa da Akkadiyawa. Herodotus, marubucin Girka na ƙarni na 5 kafin Miladiyya, ya ba da labarin cewa kowane mutumin Babila yana yawo da hatiminsa da sandarsa.

Aikinsa na yau da kullum na ciniki ne da shari'a. Akan rubuta yarjejeniya a kan ɗan allon yumɓu, a lulluɓe shi da wani yumɓun kamar ambulan, a maimaita bayanin a waje, sa'annan mai sayarwa da shaidu su mirgina hatimansu a kai. Idan gardama ta taso, sai a fasa ambulan ɗin a gaban alƙalai a gwada na ciki da na waje. Haka ake like bakin tulu, da ƙullin buhu, da ƙofar rumbu. Dokokin Hammurabi, wanda ya mulki Babila daga wajen 1792 zuwa 1750 kafin Miladiyya, sun tanadi cewa alƙalin da ya yanke hukunci ya hatimce shi, daga baya ya sauya, zai biya ninki goma sha biyu na abin da ake shari'a a kai, a kuma tsige shi daga kujera. Wanda ba shi da hatimi kuwa, sai ya danna farcensa ko bakin rigarsa a jikin yumɓun, magatakarda ya rubuta a gefe cewa wannan a madadin hatimin wane ne. Manomin da ke dangwala yatsa a Dayi yana da magabata masu nisa.

Abin da ya fi ɗaukar hankali shi ne zanen. Mutum zai zaci a ga fuskar mai hatimin, ko alamar sana'arsa, ko gonarsa da shanunsa. Abin da ya fi yawa tun zamanin daula ta uku ta birnin Ur, wajen 2112 zuwa 2004 kafin Miladiyya, shi ne hoton iso. Ga wani babba zaune a kan kujera, da doguwar riga mai hawa-hawa, da hula mai ƙahoni, wadda ita ce alamar da ake gane abin bautarsu da ita. Ga mutum tsaye, sau da yawa kansa a aske, ya ɗaga hannu ɗaya daidai bakinsa don ladabi. A tsakaninsu ga wata mace mai hular ƙahoni, ana kiran ta Lama, ta riƙe wuyan hannun mutumin tana jan sa gaba. Duk wanda ya san fada ya gane wannan tsari ba tare da an yi masa tafinta ba. Talaka ba ya faɗawa gaban sarki kai tsaye, sai an yi masa iso, kuma darajar mai yi maka iso ita ce ma'aunin yadda za a saurare ka. Mutanen Ur da Babila sun ɗauki ladabin fadar sarkinsu suka ɗora wa sama. Har ma a wasu hatiman ma'aikatan gwamnati wanda ke zaune sarki ne, kamar a hatimin Hash-hamer, hakimin Ishkun-Sin, da ke gidan adana kayan tarihi na Birtaniya a Landan, inda rubutun ya kira shi bawan sarki Ur-Nammu.

A zamanin Hammurabi tsarin ya ɗan sauya. Lama ta daina jan mutum da hannu, ta koma tsaye ta ɗaga hannuwa biyu tana roƙo a madadinsa. Ababen bautar kuma kowa da shaidarsa: Ishtar ta taka zaki, makamai na leƙowa ta bayan kafaɗunta, Adad, mai hadari da tsawa, yana kan bijimi riƙe da walƙiya mai rassa. Wanda ya fi kowa yawan fitowa shi ne Shamash, wato rana, ya ɗora ƙafa ɗaya a kan tudu, a hannunsa wuƙa mai haƙora kamar zarto. Masana na fassara ta da cewa da ita yake keta duwatsun gabas ya fito da hantsi. Akwai kuma wata fassarar: Shamash shi ne alƙali a wurinsu, don rana ba abin da ke ɓoye mata, kuma kalmar Sumeriyawa ta yin shari'a ma'anarta ta asali ita ce yanke magana, daidai da yadda Bahaushe ke cewa an yanke hukunci. Ke nan wanda ya mirgina irin wannan hatimi a kan takardar bashi ya kafa alƙalin alƙalansu shaida a kan kansa.

Gefen zanen akan bar ɗan gurbi na layi uku: sunan mai hatimi, sunan ubansa, da sunan wanda yake bauta wa. Wane, ɗan wane, bawan wane. Mata ma suna da nasu. A Sippar, birnin Shamash, akwai matan da iyayensu suka keɓe su ga haikalinsa, ba sa aure, amma suna sayen gonaki da gidaje, suna ba da haya da rance, hatimansu na kiran su bayin Shamash da matarsa Aya. Wani abin da ya daɗe yana ɗaure wa masana kai shi ne sau da yawa sunan da ke cikin rubutun daban, wanda aka zana daban. Wasu na ganin masassaƙa kan yi hatimai su ajiye, mai saye ya zaɓa a cike masa gurbin suna. Wasu na ganin da gangan ne, mutum na neman iyayen gida biyu a dutse ɗaya. Fassara ta biyun ba za ta ba wa wanda ya san halin ɗan Adam mamaki ba.

Labaran alloli kuwa, waɗanda su ne mai kallo na yau ya fi ɗokin gani, ba su da yawa kamar yadda ake zato, kuma mafi kyawunsu sun girmi Babila, na zamanin Akkad ne, wajen 2300 kafin Miladiyya. Hatimin wani magatakarda mai suna Adda, shi ma a Landan, ya nuna Shamash yana ɓullowa tsakanin duwatsu biyu da wuƙarsa, Ishtar mai fukafukai tsaye a bisa dutsen, ga Ea mai ruwan ƙarƙashin ƙasa, koguna cike da kifi na kwarara daga kafaɗunsa, bayansa wazirinsa mai fuska biyu. Duk wannan a dutsen da bai kai santimita huɗu ba. Wasu hatiman sun nuna mutum a bayan gaggafa yana hawa sama, a ƙasa makiyaya da tumaki, karnuka sun ɗaga kai suna kallo. Wannan an gane shi, don an samo labarin a rubuce daga ƙarnonin baya: Etana ne, sarkin Kish, wanda ya rasa magaji ya tafi sama neman tsiron haihuwa.

Inda babu rubutun da zai yi jagora, nan ake zamewa. A 1876 George Smith, masanin nan na Ingila da ya gano labarin ruwan ɗufana a allunan Nineba, ya kalli wani hatimi mai mutum biyu zaune, bishiya a tsakani, maciji a gefe, ya ce Adamu da Hauwa'u ne. Sunan ya bi hatimin har yau. Masanan baya sun lura ɗaya daga cikin biyun na sanye da hular ƙahoni, bishiyar kuma dabino ce, suka mayar da hoton cikin jerin hotunan liyafa na abin bauta da mai bauta. Smith ya ga labarin da ya riga ya sani, kuma masu karatu suka so shi don su ma shi suka sani.

Ban da sa hannu, hatimin laya ne. A jiki ake ɗaura shi, a wuya ko a wuyan hannu, ko a maƙala a riga. An yi imani kowane dutse da tasirinsa, shi ya sa ake ɗauko shuɗin dutsen lazuwardi tun daga Badakshan ta Afganistan. Akan binne mutum da nasa: a kabarin sarauniya Puabi, wanda Leonard Woolley ya tono a haƙarsa ta Ur tsakanin 1922 da 1934, an tarar da hatimai a jikinta, kuma da ɗaya daga cikinsu aka san sunanta. Ɓatan hatimi babbar musiba ce, don duk wanda ya tsince shi yana iya cin bashi da sunanka. Akwai allon da ya adana cigiyar hatimin wani ɗan kasuwa, inda mai shela ya zaga tituna yana busa ƙaho don kowa ya sani, kada wani ya zo da da'awa daga baya.

Da tafiya ta yi nisa, sura ta riƙa ja da baya. Bayan faɗuwar gidan Hammurabi wajen 1595 kafin Miladiyya, a zamanin sarakunan Kassiyawa, addu'a mai layi bakwai ko fiye kan cinye yawancin jikin dutsen, a bar mutum ɗaya tilo a gefe. A zamanin Nebukadnezzar na biyu, 605 zuwa 562, hoton da ya yaɗu shi ne mutum tsaye gaban dakali, a kan dakalin babu kowa sai alamu: shebur mai tsini na Marduk, alƙalamin Nabu, jinjirin watan Sin. A lokacin harshen Aramiyanci, da ake rubutawa da tawada a kan fata, ya soma ture allon yumɓu. Naɗaɗɗiyar fata ba ta buƙatar sai ɗan ƙullin laka a kan zare, wanda hatimin dannawa ko zobe ya ishe shi. Hatimin mirginawa ya lallaɓa har zamanin Farisawan da suka ci Babila a 539, daga nan ya ɓace.

Hatimin da ƙasar Hausa ta sani ta wata hanyar ya zo, kuma babu hujjar ƙulla masa salsala kai tsaye da na Babila. Kalmar kanta Larabci ce. Lokacin da Annabi (SAW) ya yi nufin rubuta wa sarakunan ƙasashe, aka gaya masa ba sa karanta wasiƙar da ba hatimi, sai ya sa aka ƙera zoben azurfa mai kalmomi uku a layi uku, babu sura ko ɗaya. Halifofi suka gaje shi har ya faɗa rijiyar Aris a zamanin Sayyidina Usmanu. A kan wannan sunna wasiƙun Sarakunan Musulmi na Sakkwato da na Shehunan Barno a ƙarni na 19 suka ɗauki hatimin tawada mai rubutun Larabci zalla, inda mai mulki ke ambaton sunansa tare da jingina kansa ga Allah. Aƙidar ta saɓa da ta Babila tun daga tushe, amma buƙatar da hatimin ke biya ba ta sauya ba: a faɗi suna, a faɗi majingina. Hausa ma ta riƙe fuska biyun a kalma ɗaya, don hatimi shi ne tambarin ofis, shi ne kuma zanen gida-gida da malami ke cikewa da haruffa da lambobi a naɗe cikin laya.

Ƙanƙantar da ta sa hatimin Babila ya dace da wuya ita ce ta sa ya dace da aljihun ɓarawo. A watan Afrilu na 2003, da sojojin Amurka suka shiga Bagadaza, an wawushe gidan adana kayan tarihi na Iraƙi, aka kwashe kimanin kaya 15,000, kusan 5,000 daga ciki hatiman mirginawa ne da aka ɗebo daga ɗakunan ajiya na ƙarƙashin ƙasa. An ƙwato wasu a kan iyakoki da filayen jiragen sama, da yawa har yau ba su dawo ba. Waɗanda aka haƙo ta ɓarauniyar hanya daga tuddan kudancin Iraƙi a shekarun da suka biyo baya sun fi muni, don sun isa kasuwa babu wanda ya rubuta gidan da aka same su, ko kabarin, ko allunan da ke kusa da su. Sunan mai dutsen da na ubansa suna nan ana iya karantawa, amma garinsu da gonar da ya hatimce cinikinta sun tafi tare da ramin da aka tono shi.