Hatimin da ke Ƙarƙashin Bututun Bindiga

Duk tsohuwar bindigar farauta da aka fito da ita sayarwa a ƙasar nan, in ka tambayi shekarunta, kusan amsa ɗaya za ka ji: ai ta ga zamanin Lugga. Mai ita zai ce kakansa ne ya same ta a hannun wani Di'o, in kuwa a Nijar ne a ce wani Kumandan ya bar ta. Sau da yawa ba ƙarya yake shirgawa da gangan ba, haka ya tashi ya ji ana faɗa a gidansu. Amma mai sayen doki ba ya tsayawa ga labari, baki yake buɗewa ya duba haƙora, bindiga ma tana da nata wurin dubawa. Wurin ba a saman bututu yake ba, inda aka zana sunan kamfani da ado. A ƙarƙashi yake, inda ido ba ya kaiwa sai an kwance ta.

Da farko a karya bindigar a tabbatar babu harsashi a ciki. Sai a cire katakon gaba, a ɗaga bututun daga jikinta, a juya shi. Daidai ƙarƙashin inda ake cusa harsashi akwai wani ɗan fili da aka daidaita ƙarfensa, cike da ƙananan haruffa da lambobi da zane-zane. A goge da tsumma da ɗan mai kawai. Na ga wanda ya sa samfefa don ya gani da kyau, ya kankare abin da yake nema, abin ya yi mini ciwo ƙwarai.

Waɗannan alamomi ba maƙerin bindigar ba ne ya buga su. Hukuma ce ta buga, kuma tsoron fashewar bututu ne ya haife su. A da can ana naɗe ƙarfe ne a haɗa shi da guduma a wuta, in aikin bai kama ba, ranar da aka cika albarushi sai bututun ya tsage a hannun mai harbi, ya tafi da yatsu ko ido. A shekarar 1637 Sarki Charles na Ɗaya ya ba ƙungiyar maƙeran bindiga ta Landan izinin gwada bindigogi: a ɗura wa bututu albarushi fiye da kima a harba, in ya jure a buga masa kambi da haruffan GP. A Liege, wadda take cikin Beljiyam ta yau, an wajabta irin wannan gwaji a 1672. Birmingham kuwa, wadda ta fi Landan yawan ƙira, sai a 1813 majalisar dokoki ta kafa mata nata gidan gwajin a titin Banbury, kuma yana aiki har gobe.

Jinkirin nan na Birmingham ya shafe mu. A ƙarni na 18, kafin a kafa gidan, garin ya yi ta ƙera bindigogi masu arha ana lodawa a jirgi zuwa gaɓar Afirka ta Yamma, ana musayarsu da bayi, kuma sun yi ƙaurin suna wajen fashewa. Iyalan Galton suna cikin waɗanda suka yi dukiya da wannan ciniki. Daga baya yarjejeniyar Brussels ta 1890 ta taƙaita shigo wa 'yan Afirka da bindigogin zamani, aka bar musu irin ta ɗure, shi ya sa masana'antun Liege suka daɗe suna ƙera mana tsohon yayin da Turai ta riga ta yar. Wannan ne dalilin da ya sa ba na yarda da siffa kaɗai. Bindiga tana iya zama da fasalin 1850 alhali an ƙera ta bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya.

Siffar dai tana da ɗan amfaninta, tana faɗa maka shekarar da bindiga ba za ta girme ta ba. Wadda ba ta da 'yan ƙarafan nan biyu na waje da ake ja baya da babban yatsa a ɗana, in irin ƙirar da Anson da Deeley suka fito da ita ce a kamfanin Westley Richards, to ba ta girmi 1875 ba. Bututu mai zanen murɗe-murɗe a jikinsa, wanda ake kira Damaskus, yawanci aikin ƙarni na 19 ne ko farkon na 20. Iyakar abin da siffa za ta ba ka ke nan.

Hatimin Ingila ne ya fi daɗin karatu, domin duk sanda aka sauya doka sai alamar ta sauya. Sanduna biyu a giciye da kambi a sama, ɗaya da haruffan BPC ɗaya da V, na Birmingham ne daga 1813 zuwa 1904. In ka ga an rubuta NOT FOR BALL, ka yi sa'a, don shekaru goma sha biyu kacal aka yi ana buga shi, 1875 zuwa 1887. A lokacin ne aka fara matse bakin bututu don ƙwayoyin dalma su tafi a dunƙule, aikin da W. W. Greener ya yi suna a kansa, sai aka ji tsoron kada wani ya harba dunƙulallen harsashi ɗaya ta matsattsen baki. Daga 1887 aka koma rubuta CHOKE. A 1904 Birmingham ta koma BP da BV, kowanne da kambinsa, ga kuma NP ga bindigar da aka gwada da albarushin zamani mara hayaƙi. Dokar 1925 ta sa aka riƙa buga tsawon gurbin harsashi da inci. Dokar 1954 ta kawo BNP da ƙarfin matsi da tan, ka ga 3 TONS ko 3¼ TONS. Daga 1989 aka bar inci aka koma milimita. Akwai kuma wata 'yar mitsitsiyar alama ta takubba biyu a giciye da harafi a jikinsu, wadda Birmingham ta soma a 1921 da harafin A. Ita shekarar gwajin take nunawa kai tsaye, amma sai da tabarau mai ƙara girma ake ganinta.

Wata rana aka kira ni rabon gado a gidan wasu maƙwabtanmu, don an san ina da sha'awar abin. Mamacin ya bar bindiga mai baki biyu, irin mai ƙarafan ɗanawa a waje, a samanta an zana W. Richards. Babban ɗansa ya kafe cewa ta Ingila ce, a yi mata kuɗi mai tsoka. Ƙanen mamacin, wanda suke kira Baffa, tsohon maharbi ne, ya ce da ni, "Malam, kwance ta mu ga cikinta." Da na juya bututun, sai ga haruffan ELG a cikin zobe mai siffar ƙwai, da kambi a kansa. Wannan Liege ce. Zoben mara kambi ya yi aiki daga 1811 zuwa 1893, mai kambin kuwa daga 1893 ne zuwa gaba. Maƙeran Beljiyam sun ƙera dubban bindigogi masu arha suna zana musu sunayen da suka yi kama da na manyan kamfanonin Ingila, W. Richards yana cikin waɗanda suka fi yawa, don mai saye ya zaci Westley Richards ce. Ba su iya taɓa hatimin ƙasa ba, shi ya sa shi ne ya faɗi gaskiya.

Faɗuwar farashin ba ita ta tayar mini da hankali ba. Na nemi zaki a tsaye da haruffan PV a ƙarƙashinsa, alamar Liege ta gwaji da albarushi mara hayaƙi, ban gan shi ba. Ma'ana da baƙin albarushi kaɗai aka taɓa gwada wannan bututu, ga ƙaramin ɗan gidan yana cewa zai riƙa tsaron gona da ita, da harsashin da ake sayarwa yanzu. Na ce masa, "Don Allah ƙanena, ka rataye ta a bango." Baffa ya nuna masa hannunsa na hagu ya ce da wannan ake riƙe bututu, kuma daidai wurin ne yake tsagewa. Ko a bindigar da ta ci gwajin zamani akwai wani tarkon: tsofaffi da yawa gurbinsu inci biyu da rabi ne, wato kusan milimita 65, harsashin kasuwa kuma galibi 70 ne. Zai shiga lafiya lau, a rufe, amma in ya tashi buɗewa a ciki sai matsi ya ƙaru. A bindigogin Liege na bayan 1924 za ka ga 12-65 ko 12-70 a rubuce, lamba ta biyun ita ce tsawon.

Hatimi ma yana da iyakarsa. Ranar gwaji yake faɗa, ba ranar ƙira ba. Bindigar 1890 da aka mayar gidan gwaji bayan shekara saba'in za ta ɗauki sababbin alamomi kusa da tsofaffin, galibi da kambi a kan harafin R, don haka mafi tsufa a cikinsu ake bi. Kuma ba ya faɗa maka abin da damina da ƙurar hunturu da tsatsa suka yi wa ƙarfen tun daga ranar. Wannan sai mai gyaran bindiga ya leƙa ciki ya auna kaurin bututu. Batun lasisi kuma yana nan, tsufa ba ya ɗauke shi, sai an je wurin 'yan sanda.

Sauran ƙasashe sun fi sauƙi. Italiya ta fara ƙirga shekaru da lambobin Romawa, I ita ce 1945, sannan ta koma haruffa biyu daga AA a 1975. Gidan gwajin Eibar na Sifaniya ya soma da A a 1927, ya sake zagayowa da A1 a 1955. Baikal mai baki ɗaya, wadda ta cika hannun mafarautanmu, daga Izhevsk take, samfurin IZh-18 ya fito a 1964, in kuma an buga mata Made in USSR to kafin rushewar Tarayyar Sobiyat ne a ƙarshen 1991. A Nijar da Kamaru da Chadi za ka fi cin karo da Simplex da Robust na kamfanin Manufrance da ke Saint-Étienne, ta farkon ta fito a 1908, ta biyun a 1913, an kuma yi shekaru da dama ana ƙera su, saboda haka sunan kaɗai ba ya yanke hukunci.

Amurka ba ta taɓa kafa gidan gwaji na hukuma irin na Turai ba, kuma kafin dokar 1968 ba dole ba ne a buga wa bindigar farauta lamba, shi ya sa masu arha da yawa daga can ba su da komai sai suna. Haka bindigar toka ta maƙeranmu, ba hatimi ba lamba. In kana son sanin shekarunta sai ka kai ta unguwar maƙera, tsofaffin cikinsu sukan gane hannun wanda ya ƙera ta daga yadda ya sassaƙa gindin da yadda ya ɗaure bututun, su faɗa maka a zamanin wane sarki mutumin yake aiki.